Layin da Na Kasa Cikewa

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ƙafar nan taki ta daina damunki. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu. Autana ya fara tafiya, ba abin da yake bari a kan tebur.

Yaya, ni dai na gaji. Kin san tun bara aka ɗora mini kula da tallafin da gwamnatin tarayya ke ba makarantarmu don yaran da karatu ya yi wa nauyi. Littafin ƙa'idojinsa kaɗai ya kai bulo kauri. Kujerar da aka saya da kuɗin sai an manna mata lamba, kuma ba a kai ta wani aji ko da yara na zaune a ƙasa. Kuɗin alli ba ya sayen biro. Duk wannan na saba, na haɗiye.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar malamar da muka ɗauka da kuɗin, wadda yara ke kira Anti Doguwa. Yara talatin da biyu muka ba ta, waɗanda ko sunansu ba sa iya haɗawa. Baiwar Allahn nan ta zauna musu da 'yan kwalayen haruffa da ta yayyanka da hannunta, ko lokacin hutun tara ba ta fita. Da aka yi gwajin ƙarshen shekara, ashirin da ɗaya suka haye. Ranar har hawaye na yi don daɗi. Sai da na koma ofis na tuna da ƙa'idar: duk yaron da ya haye an cire shi daga shirin, in kuma yaran suka gaza ashirin, babu albashin malami baɗi. Ko da sababbin da muka tantance, sha shida muke da su.

Shugaban makaranta ya ja ni gefe, ya ce ai ba wanda zai mutu in an rage wa yara huɗu maki su maimaita. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta karkata, domin mijin malamar ba ya aiki, albashin nan ne tukunyarsu. Na je na faɗa mata komai. Ta shiga tattara kwalayenta, can ta tambaye ni waɗanne huɗun zan zaɓa, tunda ita ce za ta kalli idonsu ta ce sun faɗi bayan ta riga ta ce musu sun ci. Kunya ta rufe ni. Na aika sakamakon yadda yake.

Yau kwana uku takardar sallamarta na kan teburina, ƙarshen wata za a karɓa. Na cike ko'ina sai layi ɗaya, inda aka ce a rubuta dalilin sallama. Ke da kika fi ni iya magana, don Allah ki faɗa mini abin da zan sa a wurin, ni kam hannuna ya ƙi.

Ki gaishe mini da maigidan, da Goggo, da 'yan biyunki. Inna ta ce shirunki ya yi yawa. Ki sa mu a addu'a, ki sa malamar nan ita ma.

Ƙanwarki da ke kewarki.