Kawu Ne Zai Aurar da Hauwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin can ƙasar waje? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gangare lafiya lau.

Mun ji a rediyo an ƙara wa mai gabatar da ƙara na kotun laifukan yaƙi wa'adi. Tunda kai ne tafintansa, ba bana za ka dawo ba ke nan. Dangin ango sun gaji da ɗage ɗaurin auren Hauwa 'yar marigayi Yayanmu, yanzu Kawu ne waliyyi a madadinka. Ta sha kuka, ta ce kai ka riƙe ta tun rasuwar babanta.

Ka gaida kowa, ka sa ta a addu'a. Na san marayun can kake nema wa haƙƙi, amma Yaya, ita ma marainiya ce.

Ƙanwarka,
Binta