Na Ƙetare da Kai Gadar Gaya, Illa

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin tafiyata, Illa na Babankatami.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a inda kake kwance. Ni ne Asumana, daga Kwatano ta ƙasar Benin. Ina nan gefen babbar kasuwa, a rumfar albasarmu da ka sani, sai dai yanzu buhu ya fi ƙarfina, a zaune nake yini. Na san ba kai za ka karanta takardar nan ba, wasu ne. To su karanta. Ni dai da kai nake magana.

Ka tuna safiyar da munka shiga babbar motar Yamai za mu gida? Idanunka sun yi ɗorawa, cikinka ya kumbura, likita ya riga ya ce hanta ce, a kai ka wajen danginka. Ni na ɗauki jakarka da tawa. Muna tsaye cikin tasha ana ɗaure kaya, ka riƙo hannuna ka ce, "Asumana, in ta zo a hanya, kada ka bari a rufe ni a ƙasar mutane." Na ce maka ka rufe baki, mutumin da ya sha ruwan rijiyar Babankatami ba ya mutuwa cikin mota. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

A Paraku an tsaya cin abinci, ka ce fura kake so. Na zagaye tashar kaf, babu fura. Ruwan leda na kawo maka. Har yau in na ga mai fura sai in kau da kai.

Bayan Kandi rana ta fara karkata. Ka jingina kanka a kafaɗata ta hagu, ka ce, "In mun kai gada ka tashe ni, in ga ruwa." Daga nan ba ka sake cewa komai ba.

Ba wanda ya gaya mini, nauyinka ne ya canza. Numfashin da ke ɗumama mini wuya ya tsaya, kanka ya zauna a kafaɗata kamar dutsen niƙa. Rediyon motar na ta kiɗa, wani jariri na kuka a baya, na gabanmu na gardamar farashin shinkafa. Na yi maka kalmar shahada a kunne ko da ka riga ka wuce, na shafa idanunka na rufe. Sannan na warware rawaninka na sake naɗa maka shi, na tallafe haɓa, na rufe baki da hanci. Mutumin Adar ya rufe fuska da rawani cikin mota, wa zai ce wani abu? Haka muke tafiya tun kakanninmu.

Na san abin da zai biyo baya in na buɗe baki a can. Za a tsai da mota, a kira 'yan sanda, a sauke ka, a sa ka cikin firjin asibiti, ni kuma in shiga yawon ofis a garin da ban san kowa ba, a ƙarshe a rufe ka inda ka roƙe ni kada a rufe ka. Shi ya sa na yi shiru.

Wata dattijuwa 'yar Doso, mai fataucin atamfa, ita ke zaune bayanmu. Ita ta fara ganewa. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambaye ni ba. Ta dai miƙo mayafinta ta tsakanin kujeru, ta ce a hankali, "Rufa mishi ƙafafu, sanyin motar nan ba kyau." Da munka tsaya shan mai ita ta je ta yi wa direba magana. Ya zo ya tsaya kanmu ya daɗe, sannan ya sunkuyo ya ce, "Ni ban ga komai ba. Amma bayan Gaya ba ni wucewa da shi." Na ji haushinsa ranar, Illa, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu na daina. Ga mata da yara cikin motar, ga zafi, ga aikinsa da zai iya rasawa. Iyakar abin da zai iya ke nan, kuma ya yi.

Ka san yadda iyaka take. Kowa ya sauka da katinsa a hannu, a bi layi cikin rana, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. A Malanbil motar ta zama wayam, daga ni sai kai. Ɗan sandan Benin ya leƙo daga ƙofa, direba ya ce mara lafiya ne da mai jinyarsa, ɗan sandan ya ɗaga hannu ya juya. Ban taɓa jin motar da ta yi shiru haka ba. Ƙuda ɗaya ya shigo ya sauka kan rawaninka. Ina korarsa yana dawowa, ina korarsa yana dawowa, ina jin tsoron ƙudan nan fiye da duk masu kaki na iyakar.

Da mota ta hau gada na ja labulen taga. Kogin ya cika, rana na wasa a kansa, ga masu kwalekwale can ƙasa, ga mata na wanki a gaɓa. Na ce, "Ga ruwan, Illa." Ka ce in tashe ka, na tashe ka iyakar iyawata.

A ɓangarenmu na Nijar jandarma ne ya shigo, wani mai furfura a gemu. Wannan bai tsaya a ƙofa ba, ya tako har wajenmu. Ya karɓi katinka ya dubi hoton, ya dube ka. Ya ɗora bayan hannunsa a kan naka. Na ga lokacin da ya gane. Na ce a raina shi ke nan, a bakin gida za a ƙwace mini kai. Sai ya ce, "Ina ne gida?" Na ce Babankatami, ta Madawa. Ya girgiza kai ya ce, "Da nisa." Ya gaya mini akwai wani ƙauye gaba kaɗan a hanyar Doso, masallacinsa na bakin titi, limaminsu mutumin kirki ne. Ya mayar mini da katinka da hannu biyu, ya sauka, ya sa aka ɗaga sandar shingen. Ban san sunansa ba. Na sha zagin masu kakin hanya a rayuwata, kuma da yawansu sun ci zagin, amma wanga bawan Allah yana cikin addu'ata kowace asuba.

A ƙauyen nan direba ya tsaya, anka yi maka wanka. Ka tuna farin yadin da ka saya, ka ce za ka ɗinka riga ka shiga da ita Babankatami ranar kasuwa, kowa ya san ɗan Inna Hajo ya dawo? Shi munka yanka. Fasinjoji sunka sauko, har waɗanda ke ta gunaguni an ɓata musu lokaci, sunka yi sahu bayan liman. Wani Kirista ɗan Benin ya tuɓe rigarsa ya karɓi magirbi ya taya haƙa, da anka zo sallah ya koma gefe ya tsaya da hularsa a hannu. Kafin magariba an gama. Na koma mota na zauna, kujerarka babu kowa, kafaɗata ta sandare ta ƙi sauka.

Na canza mota a Doso, na sauka Madawa da jaka biyu.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yadda gida ya karɓe ni. Yayanka Hamidu, a gaban masu gaisuwa, ya ce tunda na iya ƙetare da kai gada, da na iya kawo ka gida, ganin dama ne ban yi ba. Shi da bai taɓa wuce Konni ba. Shi da kake aiko wa kuɗin taki duk damina. Maganar ta bi gari, har yau akwai masu cewa Asumana ya yar da Illa a hanya. Na yi shekaru ina tafasa. Amma in na yi adalci, ƙaninsa ne ya fita da ƙafafunsa aka dawo masa da jaka, dole ya nemi wanda zai ɗora wa, ni ne kuma a kusa.

Inna Hajo ba ta ce haka ba. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Inda kunka sa shi, ƙasarmu ce?" Na ce ƙasarmu ce, Inna. Ta ce, "Wace kafaɗa?" Na nuna mata. Ta ɗora tafinta a wurin ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ita ma ta bi ka bara waccan, ina fata kun gamu.

Tun daga ranar ban sake shiga mota ni kaɗai ba, ko da ni kaɗai na sayi tikiti. In baƙo ya yi gyangyaɗi ya jingino kaina, sai in daina motsi in kasa kunne ga numfashinsa har ya farka. Na wuce ƙauyen nan sau da yawa, mota ba ta tsayawa. Ta taga nake hango masallacin da itacen darbejiya, da awaki na kiwo inda nake zaton nan ne. Ruwan sama ya daidaita wurin.

Dalilin takardar nan, Illa, ƙafafuna sun fara kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya kuma yi mini irin kallon da ya yi maka. Yanzu an rufe iyaka, mota ba ta hawa gadar. A Malanbil ake sauke kowa, a gangara gaɓa, a shiga kwalekwale, a kama wata motar a Gaya. Kowa da ƙafarsa yake shiga jirgin. Babu sauran wanda za a naɗa wa rawani a ce barci yake. Kuma ko da akwai, duk na duba 'yan garinmu da ke nan, ban ga wanda zan roƙa abin da ka roƙe ni ba.

Don haka ba zan jira ba. Na bar wa ɗan Hamidu rumfar, shi ke taya ni tun da ya zo cin rani, yaron kirki ne. Zan tafi tun ƙafafun na ɗaukata. Wannan karon na sayi tikiti zuwa ƙauyen da kake kwance kawai. Zan sauka, in nemi liman in yana raye ya nuna mini wurin, in zauna kusa da kai har la'asar. Daga nan in tari wata motar zuwa Madawa, in Allah ya yarda in ƙarasa mana tafiyar da munka faro tare.

Allah shi jiƙan ka, Illa, shi yalwata maka kabarinka, shi sa mutanen ƙauyen nan su zame maka maƙwabtan alheri. Allah shi jiƙan Inna Hajo. Shi saka wa dattijuwar Doso da direban da jandarman nan da alheri, duk inda suke. Ni kuma shi ba ni ƙarfin sauka daga kwalekwalen nan da ƙafata.

Naka, mai kafaɗar hagu,
Asumana.