Ba Ni Na Kashe Babur Mai Ƙafa Huɗu Ba

Zuwa ga Mushe Darakta na furoje, wato shirin dashen itatuwa, Madarunfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Hamisu Makaniki, mai rumfar gyaran babur a bakin tasha, wanda ka sa aka tsare kwana biyu a jandarma bisa zargin sata. Sau uku na zo biro ɗinka, wato ofishinka, sau uku mai gadi yana ce mini kana taro. Shi ya sa na rubuto a buɗe, kuma zan sa a karanta wa mutanen tasha, tunda a gabansu aka kama ni.

Na ɗaya. Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da masu ba furoje kuɗi suka kawo don zagayen gandun dashe, sau ɗaya ya taɓa shiga hannuna kafin ya mutu. Bayan Sallar layya ne, na wanke masa karbirato, na mayar. Da ƙafarka ka tayar da shi a ƙofar rumfata, bugu ɗaya ya kama, har ka yaba mini. Bayan kwana tara sai ga shi an kawo mini a kan amalanken jaki.

Na biyu. Ga abin da na yi masa, ko da ba ka san aikin ba za ka gane. Na taka abin tayarwa, sai na ji ya tafi ƙasa sakayau kamar na taka taɓo. Inji mai lafiya turjewa yake yi. Na kwance buji, wato fulogi, na ga wuta na zuwa, fetur ma na zuwa. Na toshe ramin bujin da babban yatsana aka taka. In da inji na da matsi, iskar za ta ture yatsan da ƙarfi har ta yi ƙara. Wannan kuwa ɗan huci na ji kawai. Na zuba cokali ɗaya na man inji a ramin, aka sake takawa, matsin ya ɗan dawo. Duk makanikin da ya san aikinsa ya san ma'anar haka: iska ta gefen fistan take zurarewa, zobbansa sun daina riƙewa. Na kwance bututun hayaƙi na haska ciki, na ga jikin fistan duk ya karce, ya yi baƙi, zobban sun manne. Na tsiyayi fetur ɗin tanki a tafin hannuna, ya bushe ƙaf, ko alamar maiƙo babu. Irin wannan inji da fetur haɗe da mai yake rayuwa. An ba shi zalla, ya yi gudu a bushe, ya cinye kansa.

Wannan bayanin na yi maka a gaban direbanka, cikin ladabi. Ka juya ka tafi. Washegari jandarmomi suka zo, wai ranar da na wanke karbirato na cire sabon fistan na sayar a Jibiya, na saka tsoho.

Na uku. Da na fito ban zauna ba. Ƙurar da ke jikin babur ɗin ta isa ta gaya mini ba a gandun dashe ya yini ba, sai na bi sawu har Gabi. Mushe Darakta, ranar bikin ƙanenka kai ka kai shi can, samari suka yini suna kilisa da shi a cikin yashi. Mai sayar da fetur a kwalba na bakin kasuwar garin ya shaida mini cewa ya ɗauko gwangwanin mai zai yi haɗi, kamar yadda yake yi wa kowane babur, kai ka hana shi. Ka ce ya ƙidaya ƙafafun, mai ƙafa huɗu mota ce, ba a yi wa mota haɗi. Mutane suka yi dariya, shi ya ji kunya ya zuba zalla. Ya ce a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, kuma ba shi kaɗai ya ji ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki, mutum kan bar mini babur sati guda ya tafi Najeriya bai waiwaya ba. Yau 'yan garuruwan Safo da Sarkin Yamma da ke kawo mini aiki gara su tura babur har Maraɗi. Wanda ya daure ya zo, tsayawa yake a kaina yana ƙirga ƙusoshi. An sa mini suna Mai Musanya, har matata ta ji shi a bakin rijiya. Tun da aka karya darajar kuɗi kowa na tsoron a sauya masa kaya, kai kuma ka san haka, shi ya sa ka zaɓi wannan ƙaryar. Ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, so nake ka ɗanɗani kwatankwacin abin da na ɗanɗana.

Akwai abu ɗaya da ba ka lura da shi ba don gaggawa. Ba a cire fistan sai an kwance kan injin, ƙusoshin kan kuma kowanne da ɗigon jan fenti na masana'anta. Ban taɓa su ba. Babur ɗin yana nan a ajiye a jandarma, kai da kanka ka sa aka kulle shi don ya zama shaida a kaina, yanzu ko kai ba ka isa ka taɓa shi ba.

Buƙatata ita ce, a fito da shi tsakiyar tasha ran kasuwa, a kira makanikin da ka ga dama daga Maraɗi, a kira mai fetur na Gabi, kowa ya ga fentin kafin a kwance. In an samu tsohon fistan, a mayar da ni inda aka tsare ni. In kuwa nasa ne na asali ya ƙone, ka tsaya a ƙofar rumfata, daidai inda aka sa mini ankwa, ka faɗa da bakinka wanda ya hana a zuba mai. Ba na son a kira ni gida a ba ni haƙuri, kuma kada a aiko mini dattawa.

Na ji masu babur ɗin za su zo duba aiki bayan girbi. Na riga na sa an juya wannan takarda zuwa Faransanci, zan miƙa musu hannu da hannu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka daga duk wani canjin wurin aiki, don ka kasance a Madarunfa ranar da za a kwance ƙusoshin nan.

Wassalam.

Hamisu Makaniki, bakin tasha, Madarunfa.