Sarewar Abba a Kwandon Shara

Yayata Apa Shagufta,

Gaisuwa mai yawa daga Landan. Yaya ƙafar Ammi, tana shan maganin kuwa? Ni lafiya lau, tarin ya yi sauƙi, ɗakin ne dai bai san rana ba.

Kin ga yadda na rungumo zaren kaset na asali da muka naɗi waƙoƙin nan a kai tun daga Karachi, don shi kaɗai ne a duniya. Masu buga faifan garmaho suka ce fuska ɗaya ba za ta ɗauke su ba, sai an rage. Na ce wa Khawar, ɗan kawunmu Mamu Idris, mai aikin haɗa sautin, a kwafa tukuna, a yanka kwafin. Ya rantse mini, ya aike ni sayen samosa. Kafin in dawo ya sa reza a zaren asalin, ya cire busar sarewar marigayi Abba.

Na ce, "Mutumin da ya koya maka kiɗa?"

Ya ce, "Tanveer bhai, yayana, wa zai yi rawa da kukan tsoho?"

A gidanmu yaron nan ya girma, Apa.

Faifan zai fito babu sunan Abba. Kada Ammi ta ji tukuna. A aiko mini rigar sanyina.

Na tsinci guntun zaren a kwandon shara, na naɗe shi a fensir, ga shi cikin ƙunshin nan. Kada yara su yi wasa da shi, numfashin Abba ne da ya rage mana.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Tanveer