Ƙullin Wiebe

Workum, farkon Nuwamba

Yaya Baukje,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gwiwar taki, tana barinki hawa keke? Mu lafiya lau muke, in ban da wutar lantarki.

Kin san tun da muka bar benen nan muka tare a jirgin ruwa, daga gaɓa wutarmu take zuwa, ta wata doguwar waya da ake sokawa a akwatin da ke kan gadar katako. To, kwanan nan kullum da safe sai ta ɗauke. Da mu kaɗai abin ya shafa da sauƙi, amma makunni ɗaya ne ya haɗa mu da jiragen maƙwabta. Da ya faɗi sai ki ga mutane sun leƙo da rigar barci, kowa riƙe da butar da ba ta tafasa ba.

Harmen, mai kula da tashar jiragen, ya bi yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har abin ya tsaya a kan tamu. Ya ce, "Tjitske, ina ganin girmanku, amma ba zan bar mutane su daskare saboda jirgi ɗaya ba. In ba a gyara ba kafin ruwa ya yi ƙanƙara, sai ku nemi wani wurin." Wani wurin kuwa babu shi a wannan lokacin, sai dai mu koma bene.

Yaya, tsoro nake ji. Kin ga yadda maigidana Wiebe ya koma a benen nan bayan ya bar aikin teku, zaune a bakin taga kamar tukunyar fure. Ba na son in sake ganinsa haka.

Ƙanwarki,
Tjitske

Workum, tsakiyar Nuwamba

Yaya Baukje,

Ina fata kin samu sauƙin murar. Na gode da safar, ta zo a kan gaɓa.

Surukinki ya zama alƙali. Firiji ya fara tuhuma, ya kashe shi, cuku da man shanu suka koma raga a rataye a waje, tsuntsayen teku suna zagaye su. Daga nan ya koma kan hita, sai cajar batir, sai dutsen gugata, wanda dama ya daɗe yana jin haushinsa. Miyar wake ma a sanyaye muka sha. Ya kankare bakin soket ɗin da ya yi kore, ya zauna yana murmushi. Da safe wuta ta ɗauke.

Jiya ya kashe komai na cikin jirgi, ko ƙwan fitila bai bari ba, duk da haka makunnin ya faɗi. Na ce masa, "Maigida, tunda duk waɗanda ka kama ba su da laifi, a sake su mana." Bai yi dariya ba. Na kuma ce na lura sai an yi raɓa ko yayyafi abin yake faruwa. Wannan kam ya saurara.

Ki gaida 'yarki Marijke da yara.
Tjitske

Workum, ƙarshen Nuwamba

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Zauna tukuna kafin ki karanta.

Wiebe ya zare wayar daga akwati, ya bi ta da hannu a hankali, ina biye da shi. Da ya iso turken da muke ɗaure jirgi sai ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja. Ashe ranar da muka iso, ya ga wayar tana lilo a kan ruwa, hannunsa bai yi shawara da shi ba ya ɗaure ta a turke da ƙullin matuƙa, tamau. Mutumin da ya tsufa a teku ba ya iya ganin abu mai kama da igiya a sake. Jirgi yana hawa yana sauka, ƙullin yana ƙara cin robar har ta tsage, raɓa tana shiga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙullin dai bai kwance ba."

Da ƙafarsa ya kai wa Harmen guntun wayar da ya yanke, ƙullin na jiki. Na tsaya a bayansa. Harmen ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Kyaftin, ku ci gaba da zamanku a tashar. Amma waya kada ka ƙara taɓa ta. In hannunka yana ƙaiƙayi, ga igiyoyin tashar nan, rabinsu ɗaurin buhun dankali aka yi musu, iska kuma tana tafe."

Yanzu sabuwar waya tana kwance a sake, wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba. Shi kuwa da ya karya kumallo sai ya fita, jirgi zuwa jirgi, yana kwancewa yana ɗaurewa, masu su suna miƙo masa kofi. Ɗazu ina wanke-wanke na ji ana fito da baki a kan gada, na leƙa in ga wane ne. Shi ne, Yaya. Sai da na zauna na share ido.

Ki zo mana Kirsimeti, akwai ɗumi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tjitske