Ni na ci jarrabawar, shi ake kira Injiniya

Salama a gare ku 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, mutanen cocinmu da yawa suna cikin wannan zauren. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri idan bakina ya yi zafi, abin ya kai ni wuya.

Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, ina zaune a Dubai da maigidana, bizata ma a ƙarƙashinsa take. Ina aiki a wani kamfanin gyaran gidaje a Al Quoz, ni ke ɗaukar waya in tura masu gyaran famfo da lantarki. Shi kuma labule yake sayarwa a wani shago a Al Khabaisi. Ban taɓa raina sana'arsa ba, shi ne yake jin kunyarta, a coci cewa yake yi yana harkar gine-gine.

Bara ya ji labarin cewa masu sayen sabon gida suna ɗaukar mai satifiket ya duba musu ginin kafin su karɓi makulli, ko akwai yoyo, ko wayar lantarki ta lalace, ya rubuta musu rahoto. Sai ya yi rajistar kwas ɗin. Na yi murna sosai. Amma kafin ya buɗe littafin, mutumin nan ya riga ya sayi hular kwano da rigar nan mai ƙyalli, ya buga kati da Injiniya a gaban sunansa, ya sa hoton a shafinsa na sada zumunta. Karatun kuwa ni ce nake karanta masa ina masa tambayoyi, shi yana kwance yana kallon ƙwallo yana cewa yalla, maza ci gaba, ina ji. Ya shiga jarrabawa ya faɗi, ya ce wariyar launin fata ce. Ya sake shiga ya sake faɗi, ya ce kwamfutar ce ta sami matsala.

Da na ga littafin ya riga ya zauna mini a kai, sai na ce masa zan gwada, ya yi dariya ya ce in je in sha iska. Na je na ci. Ranar Juma'a, da yake a nan ranar muke sujada, a coci ya miƙe ya ba da shaida wai Ubangiji ya ba gidanmu satifiket, aka yi ta tafi ana ba shi hannu, ina zaune ina kallonsa, ko sunana bai ambata ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Akwai wata nas a cocinmu, mijinta ya rasu, ita kaɗai ke riƙe da yaranta ƙanana, ta daɗe tana tara kuɗi har ta sayi ƙaramin fulat a bene mai tsawo. Ta ba Injiniya aikin dubawa. Ya je ya ɗauki hotunan kansa a baranda, ya dawo ya cike rahoto cewa komai lafiya, ya ajiye mini a kan tebur wai in sa hannu da lambar satifiket ɗina. Na ce ba na sa hannu a gidan da ban gani ba. Na karɓi izini a wurin aiki na je da kaina. 'Yan uwa, ƙarƙashin wurin wanke-wanke a jiƙe yake sharkaf, akwatin lantarki yana warin ƙuna, ƙarfen barandar kuwa da hannu ɗaya na girgiza shi ya motsa. A nan maigidan ya jingina ya ɗauki hoto, bai ma ji ba.

Da na faɗa masa, sai ya ce ina so in kunyata shi a gaban jama'a, wai ƙarfe ai ba ya faɗuwa haka kawai. Ya kira yayansa a Kafanchan, shi kuma ya kira ni yana mini wa'azin biyayya, wai takardar mace ta mijinta ce. Na ce masa Yaya, idan yaron mutane ya faɗo daga sama sunan wa 'yan sanda za su karanta? Ya kashe wayar. Ƙarshe maigidan ya ce ko in sa hannu ko ya soke bizata in koma gida, khalas, magana ta ƙare.

Manajanmu ya ce a shirye suke su mayar da bizata kan kamfani, su buɗe mini sashen duba gidaje. Mamata kuma tana kuka a waya, ta ce idan na yi haka auren ya mutu. Gaskiya ba tsoronsa nake ji ba, abin da ke damuna shi ne na daina ganin girmansa, ko murya ya ɗaga sai in ji dariya na neman kama ni, kuma ban san yadda ake zama da mutum a haka ba.

Hannu dai ba zan sa ba, wannan na gama. Amma in kira matar nan in faɗa mata mijina bai duba komai ba, ko in kai mata rahoton gaskiya in rufa masa asiri, ya ci gaba da karɓar gidajen mutane? Kuma in karɓi bizar kamfanin ko in bari? Don Allah ku faɗa mini abin da zan yi da wuri, ranar Asabar za ta karɓi makulli, ɗazu ma ta turo mini saƙo in gaida Injiniya.