Shekara Biyu ko Huɗu

Daga Kulu, Bungudu, zuwa ga Yaya Garba, Gusau.

Ka gafarce ni da na dame ka, ga kakar auduga ta tsare ka bakin sikeli. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, maganar nan bai kamata ta fito daga bakina ba. Yaron nan ɗan farina ne, tun yaye kai ke riƙonsa, ban taɓa sa baki ba. Amma na ji makarantar horon malamai ta zaɓe shi karatun shekara huɗu, kai kuma ka ce a rubuta shi a na shekara biyu. Ko akwai dalilin da ban sani ba?

Allah ya ƙara girma.

*

Kulu,

Gaisuwa. Yaushe uwa ta fara bin kadin ɗan fari? Lukuman biyu zai yi. Yana gamawa albashi ya fara, kuma an yi mini alkawarin gurbi a elementaren Tsafe. Idona ya fara raunana, ba ni da ƙarfin sutura da kuɗin mota har shekara huɗu. Jumma'a ta sama ake rufe sunaye.

Wassalam, Garba.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, na je Tsafe ba da saninka ba, ina neman afuwa. Na sami Malam Bashiru, ɗan maƙwabcinmu na dā. Shi ma biyu ya yi, shekara goma sha ɗaya yana koyarwa. Bana an kawo wani mai huɗu, wanda shi ya koya wa riƙon alli, aka ɗora shi a kansa, albashinsa ya kusa ninka na Malam Bashiru. Ya ce mini, "Inna, kullum safiya ni ke fara gaishe shi." Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Shanuna biyu na gado suna rugar Jibo. In ka yarda, su ɗauke maka nauyin.

Ƙanwarka Kulu.

*

Yaya,

Gaisuwa. Yau Talata, ban ji daga gare ka ba. Na kasa jira, an sayar da shanun jiya, Jibo zai kawo maka kuɗin. Kada yaron ya san daga ina suka fito, a bar shi a kan cewa kai ne ka biya. Makaranta ba ta karɓar sa hannun kowa sai naka, ni kuwa ba zan tsallake ka ba.

Don Allah ka ba Jibo amsa kafin ya juyo.

Kulu.